Ƙaron Isiyaku

Ga ta nan tafe gare ku, 'yan jikokina.
Ta iso, kunnuwanmu na nan.

To, a birnin Riyad, shekarar dubu biyu da sha takwas, akwai wani direba Badamagare, Isiyaku, yana aiki a gidan wani dattijon Balarabe a unguwar Malaz, ana ce masa Abu Shakir. Dattijon nan mai son tara kayan kiɗa ne, ɗaki guda ya cika da su. Shi kuma Isiyaku da gogensa ya zo daga gida, na ƙwarya da fatar guza da izgar doki. Duk Alhamis bayan la'asar, in abokan maigida sun taru shan gahawa, sai a ce, "Ina Isiyaku?" Har kujerarsa gare shi kusa da maigida. Shekara shida ke nan ana haka.

Ran nan maigida ya dawo daga Faransa da wani abu mai tumbi kamar rabin ƙwarya, da tsirkiyoyi, da maɓallai, da wata taya ta itace wadda ake juyawa da hannu tana goga tsirkiyoyin. Ya ce abin ya yi ɗaruruwan shekaru a ƙasashen Turai, wai a da ma mutum biyu ke kaɗa guda. Na Faransa ga shi da tumbi, na Hangari kuwa babba ne, bayansa shafal.

Isiyaku ya taɓe baki. A ransa ya ce, wannan ai injin niƙa ne aka sa wa tsirkiya.

Maɓalli biyu sun cije a hanya, sai aka ɗauko kafinta daga unguwar Gubaira, wani Bakano, Zayyanu. Ya gyara, ya juya tayar yana wasa, kiɗa ya fito. Kafin wata biyu, ranar Alhamis "Ina Zayyanu?" ake cewa. Kujerar ma shi aka ba. Isiyaku na daga bakin ƙofa yana zuba gahawa, abin na cinsa har abinci ba ya masa daɗi.

"Yaya Isiyaku, ka ajiye ƙoƙon gogen nan naka mu sha fura da shi mana," in ji Zayyanu.

"Bakano ke nan. Kai da ka iya niƙa markaɗe sai ka ce kai makaɗi ne?"

Wata Alhamis za a yi manyan baƙi. Da hantsi Isiyaku ya leƙa ɗakin, ya tarar da Zayyanu yana goge tayar da tsumma, har da 'yar takardar yashi ta goge katako, wai wani datti mai danƙo ya kama ta. Kafinta ai ba ya ƙaunar ganin itace da danƙo. Isiyaku kuwa kallo ɗaya ya yi ya gane ƙaro ne, irin wanda shi ma yake shafa wa izgarsa don ta kama. Ya buɗe baki, sai ya tuna kujerarsa. Ya ja ƙofa ya yi gaba.

Baƙi suka zauna. Zayyanu ya juya taya, shuuu, sai iska. Ya ƙara juyawa, zufa ta keto masa. Maigida ya haɗe fuska ya ce da Larabci, "Esh haza, ya Zayyanu?" wato mene ne haka.

Da Isiyaku ya yi shiru minti biyu, da gogensa za a kira. Amma ina! Ganin Bakano a tsugune bai ishe shi ba, so yake kowa ya san wane ne gwani. Ya ajiye butar gahawa, ya zaro dunƙulen ƙaro daga aljihu.

"Matsa, ɗan markaɗe. Juya a hankali."

Ya danna ƙaron a bakin tayar tana juyawa. Abu kuwa ya saki murya, wadda ta fi ta da daɗi. Baƙi suka yi ta "Masha Allah" har magariba, ba wanda ya tuna akwai goge a gidan.

Zayyanu ya ci gaba da zama a kujerar, amma bai ƙara zolayar ƙoƙo ba. Abu Shakir ya hana kowa goge tayar ko shafa mata wani abu sai Isiyaku. Shi kuma Isiyaku duk Alhamis zai shafa ƙaro yana harare-harare, ranar Juma'a ya ɗauki gogensa ya tafi unguwar Jaradiya wurin 'yan gida, har ya koma Damagaram bayan shekara biyu.