Hannun Hagu Sai Gobe

"Ba wannan ba, na daman za ki miƙo. Shekararki biyar har yau ba ki san damanki ba?"

Ramlat ta sauya hannu tana dariya. Inna Hure ta kama shi ta ɗora a kan gwiwarta, ta lakato lalle daga ƙoƙo ta fara shafawa daga tsakiyar tafi. A jingine take da bangon ɗakinta, an tokare mata baya da filo, ƙafafunta a miƙe sun kumbura har fatar tana sheƙi. Ta yi lakata biyu, ta tsaya ta nemi numfashi, sannan ta ci gaba.

Fauziyya, uwar yarinyar, tana tsugune a gefe da tsumma a hannu, ita ma nata numfashin ba daidai yake fita ba.

"Inna, da kin bari na ƙarasa. Ko kuma ki haɗa mata duka biyun yau a huta."

"Ba a yi wa yaro hannu biyu rana ɗaya," in ji tsohuwar, ba ta ko ɗago kai ba. "Da me za ta sosa? Da me za ta kori ƙuda? Yau dama, gobe hagu. Haka na yi wa uwar mijinki ma."

"To ai yau azumi ashirin da tara. In aka ga wata fa?"

"Ba za a gan shi ba. Talatin za mu cika."

Wanda ya san Inna Hure ya san an gama magana. Taurin kanta ba ɓoyayye ba ne a ƙauyen, kuma tsufa bai rage masa komai ba, sai ma ƙari. Da, jajiberin Sallah tsakar gidanta ba ya ɗaukar 'yan mata, kowacce da zungurunta, doguwar ƙwaryar nan da ake zura hannu a ciki in an ɗaure lalle. Yanzu duk sun koma wajen masu zanen fulawa. Ramlat ce kaɗai ta rage mata, ita kuwa ta riƙe ta gam. Lallen ma ba na kasuwa ba ne. Na jikin dangar gonarta ne, ita take tsinka ta shanya a inuwa, surukarta Larai ta daka mata, ita kuma ta tankaɗe tana mita wai bai yi laushi ba.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanta da na su Fauziyya, kuma tun wata damina da ta zube ta gefen rijiya ba wanda ya damu ya gyara. Ta wannan kafar Inna Hure ta shigo wa Fauziyya ranar da aka kawo ta amarya daga Gezawa, marainiya, ba uwa. Ta nan ta riƙa shigowa da ruwan zafi da ganyen darbejiya lokacin jegon Ramlat. Fauziyya ba ta taɓa ce mata uwa da baki ba, amma in za ta faɗi gaskiya, ba ta da wata.

Aka gama dungulmi har farce, aka naɗe da tsumma, aka zura hannun a zunguru. Inna Hure ta ɗan daki ƙwaryar da yatsa.

"To ƙawata, saura ki cire kafin magariba, in ga mai ba ki waina ranar Sallah."

"Ke ma saura ki manta gobe," in ji Ramlat.

"Ji min 'ya. Ni za ki koya wa aiki?"

Ana idar da sallar isha'i rediyon Tasi'u, mijin Fauziyya, ya sanar an ga wata. Yara suka ɓarke da ihu a waje. Fauziyya ta dubi hannun Ramlat na dama, ya kama ja jawur har yana neman komawa baƙi, ta dubi na hagun, fari fat. Ta leƙa ta kafar katanga ta karɓo ragowar lallen a wajen Larai, wadda ta ce mata cikin raɗa Inna ta kwanta, jikin ya motsa.

"Zo in sa miki kafin ki yi barci."

Ramlat ta cusa hannun a hammata. "A'a. Na Inna Hure ne."

"Gobe Sallah fa. Haka za ki fita, hannu ɗaya ja ɗaya fari, yara su yi ta yi miki dariya?"

"Ta ce ita za ta yi."

Fauziyya ta lallasa, ta yi barazana, ta yi alkawarin balan-balan. A banza. Tasi'u da ke goge takalminsa ya ce, "Rabu da ita. Kin san wajen wa ta koyo."

Da safe aka sha kwalliya. Atamfa ruwan ganye mai zanen kifi, ɗankwali ya fi kan girma, takalmi mai ƙara in an taka, kwalli har ya so ya yi yawa. Tasi'u ya riƙe hannunta suka bi ayari zuwa filin Idi ta hanyar makaranta, suka dawo ta cikin gonaki, inda aka riga aka yi shara aka jibge taki tsibi-tsibi ana jiran ruwan farko. Ta shigo gida bakinta bai rufu ba: ta ga raƙumi, liman ya sa alkyabba, wani yaro ya ɓatar da takalminsa yana ta kuka.

Daga nan aikin ya koma na uwa da 'ya. Fauziyya ta ɗauki babban kwano, Ramlat ta ɗora ƙarami a ka, suka shiga rabon tuwon Sallah gida-gida. Ko'ina aka juye, sai a zuba musu nasu, wani wajen waina, wani wajen shinkafa, wata ta damƙa wa yarinyar alawa. Fauziyya tana son wannan yawon fiye da yadda take nunawa. Tana son jin ƙarar takalmin a bayanta, da yadda Ramlat take durƙusawa ta gaida manya kwanon yana rawa a kanta. A ƙofar gidan mai unguwa wasu 'yan mata masu zanen fulawa har gwiwar hannu suka tare ta.

"La, ku ga mai hannu ɗaya! Lallen ne ya ƙare muku?"

Ramlat ta ɗaga na daman sama. "Naku na leda ne. Nawa na gona ne. Kuma ɗayan ma za a yi."

Gidan Inna Hure suka bari a ƙarshe. Yau ba ta iya fitowa ƙofar ɗaki ba. Tana kwance a kan katifa, Larai tana yi mata fifita, ɗakin yana warin man zafi da turaren wuta. Da ta ga Ramlat ta yi ƙoƙarin tashi, ta kasa, sai ta yi dariya a kwance.

"Wata ya shammace ni, ƙawata. Zo in ga aikina."

Ta juya hannun gaba da baya, ta shinshina shi. "Ya kama. Ina ɗayan?"

"Ga shi. Umma ta ce za ta sa min, na ƙi."

"Kin kyauta. Uwarki ba ta iya ba, kwaɓinta ruwa-ruwa ne. Gobe in kun dawo daga Gezawa sai in ƙarasa."

Fauziyya ta tura Ramlat waje ta nuna wa awaki takalminta, ita kuma ta matso kusa. Ta ga yadda leɓen tsohuwar ya bushe, ta ga wainar da aka kawo ko gutsura ba a yi ba. Tsoro ya kama ta, irin wanda ta sani tun tana ƙarama.

"Inna, na fasa zuwa Gezawan. Sai kin ji sauƙi."

"Kin fasa? Yarinya tun farkon azumi take min zancen lilo, ta hana ni sakat, sannan ki zaunar da ita tana kallon tsohuwa tana tari? Ki zauna ki yi min me? Ke likita ce?"

"Inna..."

"Wallahi in kika zauna ba za ki shigo min ɗaki ba. Ku je ku dawo. Ina zan je da ƙafafun nan?"

Washegari da hantsi Tasi'u ya ɗauke su a babur, Ramlat a gaba tana riƙe da madubi. Ya sauke su a gidan yayar Fauziyya ya juya, ya ce zai dawo da la'asar. Gezawa ta cika ta batse. A filin bayan kasuwa an kafa lilo mai kujerun ƙarfe, wani saurayi yana turawa da hannu, ga masu ƙanƙara, ga masu rake, ga mai hoto da labulensa mai zanen jirgin sama. Ramlat ta hau lilo ta yi ihu ta ce a sauke ta, da aka sauke ta ta ce a mayar da ita. Fauziyya ta yi dariya har da hawaye. Suka sha ƙanƙara ja, harshensu ya rine, suka riƙa nuna wa juna. A wajen hoto Ramlat ta ɓoye hannun hagu a baya, ta baje na dama a ƙirji. Ta zaɓi balan-balan guda biyu, ta ce ɗaya na Inna Hure ne, za ta ɗaura mata a gefen katifa ta riƙa kallo. Sau da yawa Fauziyya ta ciro wayarta ta duba. Ba wanda ya kira, sai ta ɗauki hakan a matsayin alheri, ta saki jiki.

Da Tasi'u ya dawo, babu babbar rigar Sallah a jikinsa. Tsohuwar rigarsa ta gona ce, gwiwoyin wandonsa da jar ƙasa. Fauziyya ta dubi gwiwoyin, ta dubi fuskarsa. Ya sunkuyar da kai.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," ta ce a hankali. "Yaushe?"

"Ina komawa ba da jimawa ba. Kafin azahar muka kai ta."

"Kuma ba wanda zai kira ni, Tasi'u?"

"Ita ta hana."

Duk hanya Fauziyya kuka take a bayan mijinta ba sauti, Ramlat a gaba tana faman riƙe zaren balan-balan kada iska ta ƙwace. A ƙofar gidan Inna Hure maza suna zaune a kan tabarmi. Suka shiga ta nasu gidan, suka bi ta kafar katanga. Larai ta taso daga cikin mata, idanunta sun kumbura, ta rungume Fauziyya.

"Ki yafe min. Na ɗauki waya ta riƙe min zani. Ta ce, kada a kira ta, a bar yarinyar ta hau lilonta."

Ramlat ta riga ta leƙa ɗakin. Ta dawo da balan-balan a hannu. "Ina Inna Hure? An naɗe katifar."

Fauziyya ta durƙusa a gabanta. Ta nemi wata magana mai sauƙi, ta rasa. "Inna ta rasu, Ramlat. Allah ya karɓi abarsa. Ba za ta dawo ba."

Yarinyar ta buɗe hannun hagu ta kalla. "Ai ba ta yi min ɗayan ba."

Sai Larai ta shiga ɗakin ta fito da ƙoƙo an rufe shi da faifai, da zungurun a ɗaya hannun.

"Kuna fita ta ce in kawo mata garin da lemon tsami. Na ce in kwaɓa, ta ƙi, wai ni ma ban iya ba. A kwance ta kwaɓa shi, tana yi tana hutawa, ta ce a rufe ya tsumu kafin ku dawo." Ta miƙa wa Fauziyya ƙoƙon. "Da muka zo yi mata wanka, yatsan nan nata ja ne. Da shi ta tafi."

Fauziyya ta buɗe faifan. Kwaɓin ya yi kauri yadda take son sa, ga sawun yatsa a zagaye a samansa. Ta dubi matan da ke zaune, tana jin nauyin a ce ana zaman makoki ita tana ƙunshi. Wata dattijuwa ta ce, "Sa mata, 'yar nan. Ai ba don ado ba ne."

"Ita ta kwaɓa?" in ji Ramlat.

"Ita ce."

"Da hannunta?"

"Da hannunta."

Ramlat ta zauna a ƙofar ɗakin, daidai inda ta zauna rannan, ta miƙo hagun. Fauziyya ta fara daga tsakiyar tafi kamar yadda ta sha gani, hawaye yana hana ta ganin farcen sosai. Ya fito da ɗan karkace, kuma bai kai na daman duhu ba.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka, gero ya fara rufe ƙasa. Jan tafin ya koɗe tun da daɗewa, sai na farce, shi ma kullum yana matsawa gaba, fari yana biyo shi daga tushe. Wata Juma'a da safe Fauziyya ta zaunar da Ramlat a bakin rijiya da reza, ta ga abin da ya rage bai wuce siririn layi a bakin kowane farce ba. Ta yanke na hagu ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Kawo ɗayan."

Ramlat ta dunƙule hannun daman ta sa a cinya.

"Ba a yi wa yaro hannu biyu rana ɗaya. Sai gobe."

Fauziyya ta daɗe tana kallonta. Sannan ta mayar da rezar cikin takardarta. Ta kafar katanga ana hango dangar gonar Inna Hure, lallen ya sha ruwa ya yi sabon ganye, ba wanda ya tsinka.