Burodin Luning

Shekara ashirin da shida ina gasa pandesal, ƙananan burodin safe, a garin Gapan, kuma duk ilimin da na tara bai wuce fulawa da sukari da yis ba. Sai matata Luning ta sami shanyewar ɓarin jiki. Hannun dama ya tafi, magana ta dawo rabi, abinci kuwa ta ƙi shi, in ban da burodi da kofi. Likita ta ce in ba ta fara cin ganye ta ɗan murmure cikin mako biyu ba, za a zura mata roba ta hanci. Na ce to. Kwanakin nan komai aka ce mini, to nake cewa.

Akwai zogale a bayan gida. Na shanya, na daka, na zuba a kwaɓi. Na rage sukari, na sa dafaffiyar kabewa. Gashin farko ya fito kamar gansakuka. Na uku sai akuya. Na shida na ɗanɗana a tsaye bakin tanda, na ji ya yi, har na ɗan yaba wa kaina.

Na aika wa Luning, aka dawo mini da shi a gutsure. Na bakwai ma haka.

Yayarta, Ate Pacing, wadda tun ranar bikinmu ba ta ga amfanina ba, ita ke ba ta abinci in ina shago.

"Berting, wai yaya kake ɗanɗanawa?"

"Da baki, Ate."

"A bushe?"

"A bushe mana."

"Sannu, gwani. Wa ka taɓa gani a garin nan yana cin pandesal a bushe, in ba kai da kaji ba? Zo ka zauna."

Na zauna gaban Luning. Ta ɗauki burodin da hagu, ta tsoma a kofi yadda ta saba tun tana yarinya. Kabewar ta sa burodin ya yi laushi da yawa. Kafin hannun ya kai baki, rabi ya faɗa cikin kofi. Ta dubi abin da ya rage a yatsunta, ta ajiye. Ashe ba ƙi take yi ba. Ni kuwa kwana tara ina gyaran ɗanɗano.

Na koma shago. Na gasa kabewar don ruwanta ya tsotse, na ƙara murza kwaɓin, na yi su dogaye yadda hannu ɗaya zai riƙe. Na jera kofuna huɗu ina tsomawa da hagu, ina ƙirgawa har biyar. Masu saye suna leƙowa, suna tambayar juna ko lafiya.

Saura kwana biyu mu koma asibiti ta ci biyu da rabi. Ate Pacing ta fita tsakar gida tana share hawaye. Ni na tsaya ina jiran in ji wani abu a ƙirjina, bai zo ba.

"Kore... kamar kwaɗo," in ji Luning.

"Gobe nawa zan kawo?"

Ta ɗaga yatsu uku.