Likkafanin Maman Lawali

Salihu na tallafe da kan maƙwabcinsa Maman Lawali lokacin da tarin ya tsaya, numfashin ma ya bi shi. Rakia, matar mamacin, ta ajiye kofin ruwa ta juya fuskarta ga bango.

A sito ɗaya suke aiki a unguwar Khumra, can ƙasa mai tsarki. Baƙaƙe, waɗanda ake kira Takruni, ke sauke siminti a kafaɗa, sauran ma'aikata suna kan injin ɗaga kaya. Da ƙura ta cinye ƙirjin Maman Lawali, ya roƙi a sauya masa wuri, manaja ya ce, "Takruni ba ya gajiya." Sai Maman Lawali ya kai ƙara ofishin ƙwadago, Salihu ne shaidarsa. Kafilinsu, ubangidan da takardunsu ke hannunsa, ya rama da rahoton cewa ya gudu daga aiki. Iƙamarsa, takardar izinin zama, ta mutu, asibiti ya gagare shi.

Aka kai gawar ɗakin sanyi, aka ce ba za a sake ta ba sai kafili ya sa hannu.

Bayan la'asar Abdulwahid, wakilin kafilin, ya shigo unguwarsu Karantina. Da takalminsa ya taka tabarmar masu gaisuwa.

"Allah yirhamu. Ya Salihu, je ofishin ƙwadago ka ce ba ka ji manaja ya faɗi komai ba. Halas, shi ke nan, gobe a binne."

"Da kunnena na ji."

"To ya zauna a firji. Ai bai taɓa samun sanyi irin wannan a sito ba."

Da ya fita, Rakia ta yi magana daga bayan labule.

"Malam Salihu, a garinmu gawa ba ta kwana."

"Marigayi ya roƙe ni kada in janye shaidata, Rakia."

"Shi ya huta. Ni ce nake ganinsa cikin ƙanƙara."

Da safe Salihu ya je ofishin, ya faɗi abin da ake so, aka rufe ƙarar. Ya wuce wurin Abdulwahid, ya tarar da shi yana shan shayi.

"Kafili ya tafi garin Ɗa'if hutu. In ya dawo mu gani. Yalla, motar siminti na jiranka."

Da yamma ya dawo gida fari fat da ƙura. Rakia ta riga ta ciro likkafanin da mijinta ya tsoma a ruwan Zamzam tun shekarar da ya yi Hajji, ta shanya a igiyar tsakar gida don warin akwati ya fita. Salihu ya raɓa ta gefe, kada rigarsa ta taɓa shi.