Tsatsa a Sarƙar Babur ɗin Marigayi

Tana cikin yankan yadi a shagon ɗinkinta aka buga mata waya aka ce Inna ta faɗo daga kan babur. Ta jefar da almakashi, ta fita da tef ɗin awo a wuyanta, ko ƙofar shagon ba ta ja ba.

A asibiti ta tarar da mahaifiyar tasu zaune a kan benci, an ɗaure mata hannun hagu tun daga yatsu har gwiwa, gefen fuskarta ya kuje. Ƙaninta yana tsaye kusa da ita. Ƙato ne mai gemu, yana da mata da 'ya ɗaya, amma har yau kowa Auta yake ce masa, shi ma kuma haka yake ɗaukar kansa.

"Tsagewar ƙashi ce kawai, Yaya," in ji shi tun kafin ta tambaya. "Likita ya ce sati shida."

"Kawai?"

"Sarƙa ce ta fita. Muna gangarowa daga gada ta zame, ta shige jikin taya, tayar baya ta ƙame. Wallahi ba gudu nake yi ba."

Inna ta ɗago lafiyayyen hannunta. "Tsautsayi ne, ki ƙyale shi. Shi ma ya tsorata."

Yaya ta taimaka mata ta miƙe. Ta kai Inna gida a tasi, ta gyara mata shimfiɗa, ta ba ta magani, sannan ta tambayi inda aka kai babur ɗin.

Babur ɗin na mijin Yaya ne, wanda ya rasu shekara biyu da suka wuce. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana rarraba magunguna a kansa, shago zuwa shago, kuma sarƙarsa ba ta taɓa kunyata shi a hanya ba. Duk ƙarshen mako yakan ɗora shi a kan babban sitan, wato ƙafar tsakiya mai ɗaga taya, a tsakar gida, ita ta tsuguna tana juya tayar baya da hannu, shi yana bin sarƙar da tsohon buroshin haƙori da kananzir. Bayan rasuwarsa ta ci gaba da yi ita kaɗai, ko da yake babur ɗin ba ya zuwa ko'ina. Da Auta ya sami aiki a wani ɗakin ajiyar kaya mai nisa, Inna ta yi ta roƙo har Yaya ta haƙura ta ba shi aro. Ta haɗa masa da kwalbar mai da buroshi da tsumma, ta nuna masa komai sau biyu. Wata biyar ke nan, kuma duk cikin damina.

A garejin Dogo ta sami babur ɗin jingine da bango. Dogo tsohon makanikin mijinta ne. Da ya hango ta sai ya goge hannu ya sunkuyar da kai, kamar shi ya yi laifin.

Ta tsuguna. Sarƙar ta yi jawur da tsatsa. Wasu gaɓoɓinta sun sandare sun karkace, ta danna da babban yatsa suka ƙi miƙewa. Haƙoran sifroket, faifan da sarƙar ke hawa, sun cinye sun lanƙwashe kamar ƙugiya. Murfin sarƙar ma babu shi.

"Ina murfin?"

"Auta ne ya cire," in ji Dogo. "Wai yana masa ƙara. Na ce masa ba murfin ba ne, sarƙar ce ta saki take dukansa. Sau biyu ina tare shi a bakin titin nan, ya ce sauri yake yi, zai dawo."

"Ya dawo?"

"Yau dai ga shi an turo." Dogo ya lakato wani baƙin abu daga jikin sarƙar ya murza a yatsunsa. "Kin ji yashi? Tsohon baƙin man da aka juye daga inji ya kwara mata sau ɗaya, a kan datti, ko wankewa bai yi ba. Wannan ai niƙa ƙarfe yake yi. Kuma wurin masu wankin mota yake kai shi, su sa masa bututun nan mai ƙarfi da garin sabulu, su kore ɗan man da ya rage a ciki. Ya ajiye shi a waje ruwa ya kwana yana dukansa. Sama-sama kam babur yana ƙyalli."

Yaya ta miƙe tsaye. Ta ce ya kwance mata sarƙar. Ya kwance, ta naɗe ta a jarida ta saka a jaka.

Ta tarar da Auta a falon Inna, ya miƙe ƙafa yana cin abinci yana kallon talabijin. Ta zazzage sarƙar a gabansa. Ta faɗi a kan tayil da ƙara, garin tsatsa ya watsu har cikin kwanonsa.

"Ɗauka."

"Haba Yaya, abinci fa nake ci."

"Na ce ka ɗauka! Lanƙwasa ta in gani."

Ya ɗauka da yatsa biyu. Sarƙar ta tsaya ƙiƙam kamar sanda.

"A kan wannan ka ɗora uwarmu? Ina kwalbar man da na ba ka?"

"Tana nan."

"Tana nan a ina?"

Matarsa da ke bakin ƙofar kicin ta ce a hankali, "Tana bayan firji. Ba a buɗe ba."

"Minti goma a sati!" Muryar Yaya ta cika ɗakin. "Minti goma na roƙe ka. Kana da lokacin goge madubi, kana da lokacin manna sitika a tanki, amma abin da ke jan ka, abin da ranka ke rataye a kai, ba ka da lokacin sunkuyawa ka dube shi. Dogo ya tare ka sau biyu. Ƙara kake ji, sai ka cire murfi don kada ta dame ka. Da babbar mota ce a bayanku fa? Da yanzu me muke yi a gidan nan?"

Inna ta fito daga ɗaki tana dafa bango. "Ya isa haka. Yaro ne, ya yi kuskure."

"Inna, shekararsa talatin da ɗaya. Ki yi haƙuri, amma wannan 'yaro ne' ita ta kai mu asibiti yau. Ya fasa, ki ce yaro ne. Ya ɓatar, ki ce yaro ne. Yau hannunki ya karya, kina nan kina kare shi da ɗayan."

Auta ya miƙe, idonsa ya kaɗa. "To ai ƙarfe ne, Yaya! A sayi wata a saka. Kin bi kin ɗauki babur kamar mutum. Mai shi ya tafi, ke kin zauna kina shafa masa mai kamar zai dawo ya hau."

Matar Auta ta rufe baki da hannu. Yaya ta ji hannunta ya ɗaga da kansa, ta kama shi da ɗayan ta danne. Da ta yi magana, muryarta ta sauka ƙasa sosai.

"Ba ni makulli."

"Yaya, gobe ina da aiki."

"Ba ni makullin mijina."

Ya laluba aljihu ya ajiye shi a kan tebur. Ta ɗauka, ta duba ɗaurin hannun Inna, ta fita.

Dogo ya saka sabuwar sarƙa da sifroket na gaba da na baya, don ya ce in aka ɗora sabuwa a kan tsofaffin haƙora, ba za ta yi wata uku ba. Ya samo murfi ya ɗaura. Da ya tambaya ko ya nemo mai saye, ta ce a'a, ya nemo mata fili. Sati uku tana koyon tuƙi a bayan garejin da sassafe kafin ta buɗe shago. Ta faɗi sau huɗu, ta ƙona ƙafa a salansa, ta zagi giya ta biyu har Dogo ya riƙe ciki don dariya. A sati na huɗu ta fara kai wa masu ɗinki kayansu da kanta.

Auta ya koma hawan bas, biyu zuwa biyu dawowa. Ya daina shiga gidan Inna in ya ga babur ɗin a ƙofa. Inna ta yi ta aike, ta yi fushi, ta yi kuka, Yaya ta ce ita ba ta hana kowa zuwa ba. Haƙuri dai bai bayar ba, ita ma ba ta nema ba.

Wajen wata uku bayan haka, matar Auta ta shigo shagon da 'yarta a goye. Ta gaisa, ta zauna a bakin kujera tana murza gefen mayafi.

"Yaya, wurin aiki sun ba shi babur."

"Allah ya tsare hanya," in ji Yaya, ba ta ɗago daga keken ɗinki ba.

"Jiya na ji sarƙar ta fara ƙara. Na yi magana, ya ce sabo ne, ba komai. Ni da yarinyar nan muke hawa baya." Ta gyara goyon. "Ki nuna min. Ni zan riƙa yi."

Yaya ta tsayar da keken. Wani sabon haushi ya taso mata, har sai da ta rufe ido. Sannan ta tashi ta karɓi yarinyar ta kwantar a kan tarin yadi, ta ja matar zuwa waje inda babur ɗin yake.

"Tsuguna. Ki fara kashe inji, kada ki kuskura ki taɓa sarƙa yana kunne, yatsa zai tafi. Kananzir da buroshi, ban da fetur. Ki goge ta bushe ƙarau kafin mai ya taɓa ta. Man giya mai kauri, ɗigo-ɗigo ta ciki kina juya taya, ki share wanda ya yi yawa don kada ya kwashi ƙura. In ruwa ya dake ku, ranar za ki yi, ba gobe ba. Sa yatsa nan tsakiya ki ɗaga. In ta wuce faɗin yatsa biyu ta saki, a kai wa Dogo ya ɗaure, kada kuma a ɗaure ta tamau."

Matar ta gwada, mai ya ɓata mata hannun riga. Ta sake gwadawa.

"In gaya masa ke kika koya min?"

"Gaya masa. Kuma ki ce masa na ce in ya dawo daga aiki ya tarar da matarsa tsugune a ƙarƙashin babur ɗinsa, ya tsaya ya kalla da kyau." Ta miƙa mata tsumma. "Juya tayar, ba ki gama ba."