Makon da Mama Opal Ta Mallaki Talabijin

A gidanmu ba da zubar ganye muke gane lokacin kaka ya shigo ba. Da jaridar Lahadi muke ganewa, ranar da tashoshin talabijin suka buga jerin sababbin shirye-shiryensu na shekara. Mijina Vernon zai baje ta a teburin kicin, mahaifiyarsa Mama Opal ta ja kujera ta gyara tabarau, kowa ya hau zagaye abin da ransa ke so. Ni Loretta aikina zuba kofi. Talabijin ɗaya gare mu, kuma shekara goma sha tara ina gidan ba wanda ya taɓa cewa, "Ke fa?"

A 1987 rigimar ta tsaya a kan ƙarfe takwas na ranar Talata. Vernon yana son wani ɗan sanda mai yawo da kare. Mama Opal tana son wani likitan dabbobi a wata tashar, wai haɓarsa irin ta marigayi mijinta ce.

"Mama, Baba ba shi da haɓa," in ji Vernon.

"Yana da ita kafin ka fara ba shi wahala."

Ni ma ina da nawa, a tasha ta uku, a daidai wannan lokacin: wasan barkwanci na wata mata da ta gaji da wanke-wanke ta koma tuƙin babbar mota. A shagon wankin kaya na ga fitowarsa ta farko, na yi dariya har na haɗa fararen rigunan Vernon da jan tawul. Ban gaya wa kowa ba.

Ana cikin haka, a watan Oktoba, wasiƙa ta zo daga wani kamfani mai auna abin da mutane ke kallo a talabijin. Sun zaɓi gidanmu. Ga ɗan littafi, a riƙa rubuta duk abin da aka kalla har mako guda, a mayar musu ta gidan waya. Takardar ta ce gida ɗaya yana wakiltar dubban gidaje, kuma kowa ya san da irin wannan ake yanke shirin da zai rayu da wanda za a binne.

Mama Opal ce ta fara isa akwatin wasiƙa. Ta jefa littafin a jakarta ta zuge.

"Da sunana fa aka aiko," in ji Vernon.

"Wa ya raɗa maka sunan?"

Ta rantse ba za ta faɗa wa kowa ba, sai wata mai gyaran gashi mai suna Wanda kaɗai. Kafin la'asar rabin garin ya ji.

Washegari ƙofarmu ta zama ta asibiti. Wanda ta kawo kek ɗin tuffa, wai a taimaka wa shirinta na 'yan rawa. Mai gidan man bakin hanya ya kawo gasasshiyar kaza saboda tseren motoci. Har Fasto Elwood ya zo da burodin masara na matarsa, ya zauna a bakin kujera yana juya hula.

"Ba don kaina ba, Mama Opal. Shirin waƙoƙin yabo na safiyar Lahadi ne, an ce yana tangal-tangal."

"Safiyar Lahadi ai muna coci, Fasto. So kake in rubuta ƙarya?"

Ya yi tari. "Ubangiji yana duba niyya."

"To bar burodin, zan yi addu'a a kai."

Kowa ta karɓi nasa, kowa ta ce masa ya kwantar da hankalinsa. Vernon kansa, da ya ga ba sarki sai Allah, ya gyara mata matakalar baranda da ta shekara biyu tana mita a kai. Ta gwada ta da ƙafa ta ce, "Karen nan naka, ya ma sunansa?" Ya tafi yana murmushi kamar an ba shi kujerar gwamna.

Ranar da mako ya cika, ciwon gwiwarta ya tashi. Ta sa littafin a ambulan ta liƙe ta miƙo mini.

"Gidan waya kai tsaye, 'yar nan. Kada ki tsaya ko'ina."

Ban tsayar da mota ko'ina ba sai bayan kantin magani. Yawun tsohuwa bai riƙe ambulan da kyau ba, ɗan yatsa kawai na sa ya buɗe.

Na duba Talata. Babu likita, babu kare. Na duba Lahadi, babu waƙar yabo. Tun daga shafin farko har na ƙarshe, da kyakkyawan rubutunta na tsohuwar malamar makaranta, abu ɗaya Mama Opal ta rubuta: kokawa. Kokawar ƙattin nan masu ɗan kamfai da ke maka wa juna kujera. Har a ranakun da ba a nuna ta. Sai a lokacin na gane dalilin da take korar mu zuwa kasuwa duk Asabar da rana, wai za ta ɗan runtsa.

Na yi dariya har na danna hon da goshi. Da na share hawaye sai na lura da fensir ta yi rubutun, ni kuma ina da abin gogewa a jaka. Ban taɓa mata Asabar ɗinta ba, ina da tsoron Allah. Amma Talata ƙarfe takwas na ba direbata, na ƙara da cewa mutum uku ne suka kalla.

Ban ce ni na jawo ba, ƙasar tana da girma. Amma kafin Kirsimeti an soke likitan, an mayar da ɗan sanda da karensa ranar Juma'a. Shirin 'yan rawa ma ya bi sahun likitan, Wanda mai gyaran gashi ta daina gaishe mu na wata guda. Talata ta zama fili, sai na tashi na murɗa tasha ta uku.

Vernon ya fita gareji. Mama Opal ta zauna kusa da ni tana saƙa, ba ta ko kallon akwatin.

"Loretta, ranar nan kin daɗe a gidan waya."

"Layi ne, Mama."

"A garin nan? Mutum nawa ne a garin?" Ta ja zare. "Kin buɗe."

"Ya buɗe dai."

"Kin karanta?"

"Har Asabar."

Allurar ta tsaya. Ta dube ni ta saman tabarau, na dube ta. Can ta ce, "Vernon yana da raunin zuciya. Ba komai ya kamata ya sani ba."

"Ni ma haka na gani."

Ta ci gaba da saƙarta. A talabijin direbar ta yi baya da mota ta rushe rumfar surukinta. Mama Opal ta yi tsaki.

"Wannan ba ta iya tuƙi ba. Ƙaro sauti."