Ruwan Laraba

Malam Mirgani mijina ya yanke barsim ranar Litinin, ruwanmu kuwa Laraba ne da la'asar. Duk wanda ya taɓa riƙe lauje a bakin kogin nan ya san wannan ganganci ne. Ciyawar barsim tana son kwana uku cur a shimfiɗe kafin a ɗaure ta. Shi ma ya sani. Ta'aziyya ya je garin Karima ya share kwana huɗu, ya dawo ya tarar fure ya buɗe shuɗi ko'ina, kara ya fara tauri, sai ya hau yanka ba lissafi.

Injin ban ruwan ƙauyenmu guda ɗaya ne, gona goma sha biyu yake zagayawa. In ranarka ta zo ka ƙi karɓa, sai bayan kwana goma sha biyu, saiwa kuwa ba ta jure wannan a zafin bana. In ka karɓa, ruwa ya kwanta kan ciyawar da ka yanke ta ruɓe. Ita ce abincin saniyarmu har ƙarshen bazara, saniyar nan kuma ita kaɗai gare mu.

Tun safiyar Laraba bawan Allah nan bai zauna ba. Ya je gona ya juya ciyawa da sauran raɓa, don kada ganye ya kakkaɓe. Ya dawo, na zuba masa gahawa, ya bar ta ta huce. Ya koma. Ya sake dawowa da 'yan karare a hannu, ya murɗa su a gabana. Suka lanƙwashe, ko ɗaya bai karye ba.

"Saura kaɗan," in ji shi.

"Saura yini guda, Baban Nafisa. Ka je wurin Yaya Babikir ku yi musaya. Ya sha yau, ka sha gobe."

"Ni? In roƙi Babikir?"

"To roƙi rana ta ƙara wuta."

Babikir ɗan baffansa ne, gonarsa na jikin tamu, ruwansa Alhamis. Shekara biyu ba sa ga-maciji saboda dabino guda da kakansu ya bar musu a kan iyaka. Dattawa biyu da furfura, suna gaba kan itacen da ko buhu biyu ba ya cikawa. Abin yana ba ni haushi har wuya.

Da azahar ya ce zai kwashe ta ɗanya ya jibge a rumfa. Na ce jibga, ta yi zafi ta yi funfuna, ka kashe mana saniya da hannunka. Ya ce to zai bar ruwan ya wuce. Na ce bar shi, shukar shekara uku ta ƙone. Ya ce bakina ba ya faɗin alheri. Ya fita, ya shigo, ya ɗauki rawani, ya ajiye. Ni ma fa kisra biyu, wainarmu ta dawa, na ƙona a kan tanda.

Ana kiran la'asar muka ji inji ya tashi. Malam Mirgani ya leƙa ta katanga, ya daɗe yana kallo.

"Sittana, ruwa bai shigo magudanarmu ba."

Ya figi fartanya. Na bi shi ina jan mayafi, ina cewa ya tsaya, don na san zuciyarsa. A mararrabar ruwa muka tarar an toshe bakin magudanarmu da laka, ruwan duk ya karkata gonar Babikir. Ga shi nan tsaye cikin fangali, ya naɗe wando har gwiwa, ko kallon mijina bai yi ba.

"Sittana," ya ce da ni, "ki gaya wa mijinki na sace masa ruwa. In namiji ne ya rama gobe."

Malam Mirgani ya tsaya da fartanya a sama. Ya dubi ciyawarsa tana kwance cikin rana ba ta jiƙe ba, ya dubi ruwan. Na tabbata godiya ce ta taso masa, ya rasa ta inda zai fitar da ita.

"Ki gaya masa ɓarawo ne," ya ce.

"Yana jin ka."

"Ki kuma gaya masa ko satar bai iya ba. Ga kunyar fangalinsa na uku ta ɓalle, ruwa yana zuba a hanya."

Bai jira na faɗa ba. Ya tuɓe takalmi, ya tsallaka iyakar da ya yi shekara biyu bai taka ba, ya shiga laka ya hau toshe ɓarakar. Babikir ya matso ya riƙa tura masa ƙasa da ƙafa.

Na zauna a kan kunyar fangali, hawaye ya zubo mini, na bar shi ya zuba.