Tsiron Gawo a Gonar Jaye

Ni dai har yau ban iya bambanta tsiron gawo da na farar ƙaya ba. Duk ƙaya ce a wurina, musamman in ta shiga ƙafa. Mumuni kuwa ya iya. Saboda haka abin da zan faɗa a kansa, a cire kason hassada.

Ɗan wani ƙauye ne kusa da Gangara. Ya karanta zamantakewar al'umma a jami'ar Yamai, ya dawo gida bayan Taron Ƙasa, lokacin da kowa ya sami bakin magana amma ba kowa ya sami tuwo ba. Jam'iyyu sun fi shagunan Gazawa yawa, ma'aikata na jiran albashi kamar jiran damina. Ana cikin haka aka karya darajar sefa, buhun takin zamani ya koma abin kallo daga nesa. Motocin furoje, na ƙungiyoyin agajin Turawa, su ma suka yi ƙaranci a hanya.

Mumuni bai yi kewarsu ba. "Su tafi," in ji shi a bakin masallaci. "Nasara ya sauko daga mota, tambayarsa ta farko, 'Gonar wa ce wannan?' Abin da ɗan yaye ya sani! Shi ne zai koya mana noma?"

Maganin, a faɗarsa, yana ƙarƙashin ƙafarsu. In an zo sassabe kada a share gona tas. A bar tsiron gawo da kalgo, a rage masu rassa, su tashi. Gawo ya zubar da ganye ya ba ƙasa taki, da rani ya ba bisashe 'ya'ya. Ba bashi, ba roƙon kowa.

Abin takaicin, gaskiya ya faɗa. Manoma suka ce, "Madalla, Mushe," kamar yadda ake ce wa ɗan lakol mai karatun boko, suka tafi suka share gonakinsu tas. Sai ya ga ba makawa sai an sami gona guda da ido zai gani. Ya zaɓi ta Jaye.

Jaye dattijo ne, kakanninsa makiyaya. Fari ya cinye shanun, ya zauna ya kama noma. Gonarsa ɗaya tal, a bakin hanyar kasuwa, ita ke ciyar da gidansa. Tun Mumuni yana goye ake ce mata gonar Jaye.

"Baffa, bana ka bar mini tsiron nan."

Jaye ya dubi ƙasa. "Ɗana, ba a saba ba."

"Ai sabon ne ya kawo mu nan."

"Akwai nauyi."

"Nauyin mi? Itace kake jin kunya?"

Jaye ya yi 'yar dariya. Da mahaifin Mumuni ya ci tuwo kwano ɗaya, bai iya ce wa ɗan amini a'a ba. "To, Allah ya sa alheri," ya ce. Mumuni ya koma gida yana tunanin yadda tsoron sabon abu ke daƙile manomi.

Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo. Tsiron ya kai ƙirjin mutum, iska ta daina binne shuka da yashi. A lokacin kuma rediyo na ta zancen sabuwar dokar gonaki, 'yan siyasa na rantsuwa a kasuwa cewa in sun hau, gona ta mai nomanta ce.

Ran nan Nomau, kawun Mumuni, ya tsai da amalankensa a bakin gonar, ya daɗe yana kallo. Washegari aka kira Jaye gaban maigari.

"Shekarar fari ubana ya ara masa gonar nan," in ji Nomau. "Mun taɓa tambayarsa ko zangarniya ɗaya? Amma a gonar aro hatsi ake nomawa. Wanda ya raya itace, cewa yake tasa ce."

Wannan ƙa'ida Mumuni ya san ta, babi guda ya rubuta a kanta a jami'a, daga ƙauyukan Gidan Rumji inda ya je yana baƙo, yana tambayar komi. A nan ne kawai bai tambaya ba.

"Kawu, ni na sa shi. Bai da wata niyya."

"Kai ɗan lakol, na san Jaye tun ba a yanka ragon sunanka ba. 'Ya'yansa fa? Gawo ya fi ni da kai tsawon rai. Ranar da zai ba da shaida ina kabari."

"To a sare su, a bar masa gonar."

"A sare?" Nomau ya buɗe hannuwa ga jama'a. "Ba kai ka ce taki ne ba?"

Aka yi dariya, har da maigari, kafin ya gyara murya ya tambayi Jaye ko aro ne.

"Aro ne," in ji Jaye.

Aka ba shi zuwa girbi.

Mumuni ya same shi yana ɗaure damin ƙarshe. "Baffa, mi ya hana ka gaya mini?"

Jaye bai ɗago ba, ya ja igiya ya ƙulle. "Na ɗauka ka sani, ɗana. Ai kai ɗan gari ne."

Da kaka ta ƙare Jaye ya bi 'ya'yansa ƙetaren iyaka ci-rani, da tsufansa. Bai dawo ba.

Itatuwan sun tashi, gero na yin kyau a ƙarƙashinsu. Maƙwabta suka gani suka kwaikwaya, masu gonar kansu ke nan. Da motocin furoje suka dawo, Mumuni suka ɗauka ya riƙa kai baƙi su ga abin da talaka ya yi da kansa ba da sisin kowa ba. Nasara ya sauko daga mota ya tambayi gonar wa ce, Mumuni ya ce ta Nomau ce.

A gari kuwa har yau gonar Jaye ake ce mata.